Zoben Gwangwani

Ma'aunin kauri a cikin akwatinsa. Guntuwar waya da na lanƙwasa bakinta. Filaya. Sukari kilo biyu, ganyen shayi, man zafi da Inna ta ce in kai wa Baba Salifu saboda gwiwarsa. Jarkar ruwa. Takardun izinin zamana a ƙasar. Sai zobe ɗaya da aka yanko daga gwangwanin tumatir, a aljihun rigata.

Abin da na ɗauko ke nan. Mun baro Tamanrasset da hantsi a motar kat-kat ta Abdurrazak, mai sayo kayan garka a Tahifet yana kawowa kasuwa. A shingen jandarma aka buɗe jakar. Ɗaya ya ɗaga ma'aunin ya tambayi aikina. Na ce walda. Ya mayar.

"Tun da muka taso ba ka ce uffan ba," in ji Abdurrazak bayan mun wuce. "Haka ake tafiya a Turai, kamar an ɗauko gawa?"

"Yaushe za mu isa?"

"Sau uku ke nan kana tambaya. La'asar, in Allah ya so, in taya ta so."

Bai san abin da zai kai ni ba. Zan je in karɓo harsashi ashirin da biyu daga hannun Salifu kafin ɗaya daga cikinsu ya cire masa idon da ya rage masa. Ni na haɗa su.

Salifu abokin Baba Isufu ne, mahaifina, tun daga Tanut. Tare suka hawo arewa shekarar da fari ya cinye dabbobi, ban ma zo duniya ba. Baba ya tsaya a gari ya buɗe shagon walda a unguwar Tahaggart, yana yin ƙofofi da murhu. Salifu ya wuce cikin duwatsu ya yi wa wani dattijo Buzu aikin garka. Da dattijon zai rasu ya bar masa ɗan yankin garkar da bindiga guda ta zamanin Faransa. Ba ta da takarda. Harsashinta ba a sayar da shi a ko'ina da hannunmu zai kai. Abin da ya biyo ta shi ne kwanson harsashi na tagulla kusan hamsin, kuma da su Salifu yake kore diloli daga awakinsa shekara talatin.

In an harba harsashi, kwanson yana kumbura ya cika cikin bindigar. Kafin a sake cika shi sai an matse shi ya koma siffarsa. A bayan shagon, ƙarƙashin buhunan gawayi, Baba yana da injin matsi da ya ƙera da hannunsa, da wani dunƙulen ƙarfe mai rami daidai siffar kwanson, yana ce masa matiris. A shafa wa kwanson mai, a ja hannun injin, ya shige ramin ya fito a tsuke. Sau biyu a shekara Salifu yake aiko kwansunan a cikin buhun albasa, Baba ya matse, ya cika, ya mayar. Wanda ya tsage a jefar. Haka hamsin suka koma ashirin da biyu.

Ni kuwa shekara biyar na yi a Kharkiv, can Turai, ina karatun ƙarafa: yadda suke gajiya, yadda suke karyewa. Saura wata huɗu in karɓi takarda yaƙi ya zo. Na dawo da jaka ɗaya da wannan ma'aunin. Bayan wata bakwai ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ta tafi da shi. Lekkol ɗin, wato makarantarmu, ta rubuto cewa zan iya ƙarasa jarrabawar ta intanet a ƙarshen shekara. Inna ta sa an buga mata wasiƙar a takarda ta ajiye cikin kwallarta, ita da ba ta karanta ko harafi ɗaya na ciki.

Sati uku da suka wuce buhun albasa ya zo.

"Ka bar su sai ubanka ya tashi," in ji Inna.

Ba zai tashi ba, ita ma ta sani. Na nemo zanen harsashin a waya, da awonsa duka a rubuce. Na auna matiris, na auna injin. Sai na ga abin da ke hana matiris ɗin sauka har ƙasa: wani zobe na gwangwani da aka saka a ƙarƙashinsa, har jan fentin tumatir ɗin yana nan a gefe ɗaya. Kaurinsa bai kai farce ba. Saboda shi duk kwanson da Baba ya matse yana fitowa da kafaɗarsa ta ɗara awon littafi tsawo. Na ce a raina aikin tsofaffi ke nan, marasa ma'auni, in abu yana rawa sai a cusa masa gwangwani. Na cire shi na jefa cikin shara. Na matse kwansunan ashirin da biyu, kowanne ya fito daidai da zanen. Na wanke su har suna ƙyalli, na cika, na ba Abdurrazak buhun albasa. Shi ne aiki na farko da na gama tun dawowata. Na yi barci sosai a ranar.

Jiya Inna tana share shagon ta tsinci zoben. Ta kai wa Baba, don yana son abin juyawa a hannunsa na hagu. Ina tsakar gida na ji yana dukan gado. Na shiga na same shi ya riƙe zoben yana wani kuka kamar na rago, yawu yana zuba. Ya dube ni. Ya ɗaga hannun, da zoben a ciki, ya rufe idonsa na dama.

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Wannan kam an koya mini. Bindigar ta tsufa, cikinta ya cinye, ya fi na littafi zurfi. Baba ba littafi yake bi ba, bindigar Salifu yake bi, kuma zoben nan shi ne awonta. Kwanson da ya gajarce yana kwance a sake cikin bindiga. In aka harba dole ya miƙe ya cike gurbin. Sabuwar tagulla za ta jure. Wadda aka matse aka harba shekara talatin ba za ta jure ba, za ta tsinke kusa da gindi, wutar ta dawo baya ta wajen da ido yake. Idon Salifu na hagu ƙaya ta tsone shi tun ina yaro. Da na dama yake saiti, da shi yake komai.

Na kira 'yarsa Mansura sau goma sha ɗaya. Babu rezo a kwarinsu, waya ba ta shiga.

Kwalta ta ƙare, muka shiga ƙorama busasshiya muna tsalle a kan duwatsu. Taya ba ta fashe ba. Mun isa ana kiran la'asar.

Gidan Salifu yana ƙarshen garake, ɗaki biyu na dutse da rumfa, da garken awaki a baya. Mansura na samu tana shanya cuku a kan tabarma. Ta girme ni da shekara biyu. Tun da mijinta ya rasu ta dawo wurin ubanta, madarar awakin nan da cukunsu su ne abincinsu.

"Wa nake gani haka? Sufyanu Bature! Ko hanya ce ta ɓace maka?"

"Ina Baba?"

"Ko gaisuwa babu? Yana dutse da awaki. Lafiya? Baba Isufu ne?"

"Yana nan yadda yake. Baba Salifu ya tafi da bindiga?"

"Yaushe ya taɓa barinta?"

Na ce ta nuna mini hanyar da ya bi. Kafin ta ɗaura kallabi muka ji kukan awakin suna gangarowa. Yana bayansu, yana ɗingishi, bindigar a rataye a kafaɗa cikin tsumma. Na dubi fuskarsa kafin komai. Idon yana nan.

"Injiniya!" Ya kama hannuna da nasa biyu. "Ɗan Isufu da kansa. Mansura, hura wuta. Kai, aikinka ya fi na ubanka, kada ka gaya masa. Nasa sai na danna sakatar bindiga da tafin hannu kafin ta rufe. Naka kuwa? Sulluɓ, kamar an shafa man shanu. Na ce lalle karatu bai faɗi banza ba."

"Nawa ka harba, Baba?"

"Huɗu. Biyu sun ci, biyu sun ba su tsoro."

"Ina kwansunan?"

Sai da aka zuba shayi na farko ya yarda ya kawo su. Na jera su a kan tabarma. Uku ba su nuna komai a waje ba. Na huɗun yana da wani siririn layi mai haske da ya zagaye shi, ɗan sama da gindi. Na zura wayar ciki na ja a hankali. Bakinta ya maƙale a rami. Na gwada sauran ukun, biyu sun maƙale.

Na ba shi wayar ya ji da hannunsa. Sannan na kama na huɗun da filaya na ɗan murɗa. Gindin ya rabu ya faɗi a kan tabarma kamar murfin kwalba.

Na fito da zoben na yi masa bayani. Ban rage komai ba. Na ce Baba ya sa shi da dalili, ni na cire shi da jahilci, kuma kowane harsashi da ke wurinsa yana iya yin abin da wannan ya yi, amma a cikin bindiga, kusa da idonsa.

Ya juya zoben a tafinsa.

"Na san gwangwanin nan," ya ce. "A shagon muka ci tumatir ɗin da gurasa. Yini guda Isufu ya yi yana yanka yana gwadawa, in harba a ƙorama in dawo. Na bakwai ne ya yi." Ya miƙo mini. "To mayar da shi ka gyara su."

"Ba sa gyaruwa, Baba. Matsi yana rage tsawo ne, ba ya ƙarawa."

"Ka ja su."

"Tagulla ba ta jawuwa haka."

"To sayo wasu. Ku da kuka san duniya."

"Babu inda zan samo su. Ko na samu ba za su wuce dowan da ke binciken kaya a iyaka ba."

Mansura ta ajiye butar shayin. Salifu ya dubi kwanson da ya rabu biyu.

"Wato ka zo ka gaya mini bindigata ta mutu."

"E."

"Sati uku."

"Na'am?"

"Shekara talatin a hannun wanda bai yi lekkol ba. Sati uku a hannunka."

 Ba ƙarya ya yi ba.

Ya ce bana ba a yi ruwa a dutse ba, diloli sun gangaro. Ba sa jiran duhu ma, da rana tsaka suke zuwa su uku su huɗu. Tun layya sun ci masa 'yan awaki tara. Kare biyu ya yi, an kashe ɗaya, ɗayan ya bi wasu makiyaya. Saura akuya talatin da ɗaya, goma sha huɗu suna da ciki.

"Da mi zan kore su? Da carbi?"

"Zan ƙera maka tarko. Zan kawo waya in kewaye garken."

"Awakin su ci waya ke nan su ƙoshi? Akuya sai ta hau dutse, Injiniya. Ko a can naku a buro, kan tebur, suke kiwo?"

"Baba, ka ba shi harsasan," in ji Mansura. "In awaki sun ƙare za mu san abin yi. In idonka ya tafi fa?"

"Ke kuma wa ya sa bakinki?"

"Wadda za ta ja maka sanda."

Ya yi tsaki ya tashi. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da jakar fata ya zazzage a gabana. Na ƙirga. Goma sha shida.

"Saura biyu."

"Sun faɗi a dutse."

"Baba."

"Na ce sun faɗi. Isufu bai taɓa ƙirga mini ba."

A lekkol, in aka ce kaya ba su cika ba, ana rufe ƙofa a caje kowa, har malami. A nan kuwa mutumin da ya raɗa mini suna ne yake zaune a gabana, ya ce abu ya faɗi. Ba a sa hannu a aljihun irinsa. Ba a ce masa ya kwance rawani. Na san ƙarya yake, ya san na sani, Mansura ma ta sani, mu ukun muka zauna muna kallon tabarma.

Na cire kan goma sha shidan ɗaya bayan ɗaya da filaya, na zubar da albarushin a rairayi na kwara masa ruwa. Yana kallo har na gama. Kowane kwanso na matse bakinsa don kada ya sake amfani. A na ƙarshe ya kau da kai.

"Ka ba ni sakatar bindigar in tafi da ita," na ce.

"Ka kashe ta, yanzu kuma za ka yanke mata hannu?"

"In biyun sun faɗi, sakatar ba ta da amfani a wurinka."

Ya yi dariya, gajeriya. "Ji shi. Lauya aka tura ka karanta ko ƙira? Bari ta kwana da sakatarta yau. Gobe in mun sha shayi ka ɗauka."

Na yarda. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma shi ban da littafin da zan ɗora wa.

Na kwana a rumfa. Da asuba muka yi salla tare, shi a gaba. Gari ya yi haske, Mansura ta fara tatsa, shi kuma ya buɗe wa waɗanda aka gama da su suka fita bayan garke. Na tsuguna ina hura gawayi. Na ga bindigar jingine a bakin ƙofarsa, na ce bari wutar ta kama tukuna.

Wata akuya ta yi ƙara a bayan duwatsu, irin ƙarar da ba ta yunwa ba. Da na ɗago, bindigar ba ta wurin.

Na ruga. Mutumin da ke ɗingishi jiya ya riga ni hawa. Na ƙwala masa kira sau biyu. Sai ƙarar ta tashi, ba irin wadda na sani ba, ta fi gajarta, da wani huci a bayanta.

Na same shi zaune a kan dutse, bindigar a cinyarsa, hannuwansa biyu a fuska. Hayaƙi yana fita ta bayan sakatar. Na janye hannuwan. Gefen fuskarsa na dama ya yi baƙi da ɗigo-ɗigo, girar ta ƙone, jini yana fitowa daga inda bai kamata ba.

"Na same shi?" ya ce.

Na duba. Jar akuya tana kwance taku ashirin daga wurin, maƙogwaronta a yage, cikinta yana motsi. Dilan yana can saman tudu yana tafiya, ko sauri ba ya yi.

"A'a."

"To."

Ya sa hannu cikin naɗin rawaninsa ya lalubo abu ya miƙo, ba daidai inda nake ba. Ɗayan harsashin ne.

"Karɓi. Ƙirgarka ta cika."

Mansura ta iso da ƙwaryar madara har yanzu a hannunta. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta yage gefen zanenta ta ɗaure masa fuska. Ya ce mata ta yanka jar akuyar tun tana da rai kada ta zama mushe. Ta zaro wuƙarsa ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ni na yanka.

Bindigar muka jefa a tsohuwar rijiya da ke ƙarshen garka, da kwansunan duka, muka tura duwatsu a kai. Abdurrazak, da ya kwana a Tahifet yana lodi, ya bar rabin akwatunan tumatir ɗinsa a ƙasa don mu tashi nan take. Mansura ba ta biyo mu ba. Babu wanda za ta bar wa awakin.

A hanya Salifu yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyata. Duk dutsen da muka taka sai ya cije. Da muka hau kwalta ya yi magana.

"Ku saurara, ku biyun. Risho ne ya fashe. Ina hura shi zan dafa shayi."

"Baba, ni zan faɗi gaskiya."

"Ka faɗa wa wa? Jandarma? Su je su ɗaga buhunan gawayi a shagon Isufu, su ɗauki mutum a kan gado, su kori uwarka zuwa iyaka? Gaskiyarka tsada gare ta, ɗan nan, kuma ba kai kake biya ba. Risho ne."

"Risho ne," in ji Abdurrazak, idonsa a kan hanya. "Ni ma na ji fashewarsa."

A asibiti likitan ya daɗe yana tsince abubuwa da hantsaki yana zubawa a faranti. Na ga abin da ke cikin farantin. Tagulla ce, shi ma ya gani. Ya tambaya da Larabci abin da ya faru, Salifu ya ba shi labarin risho. Likitan ya dube ni, ya dubi farantin, ya rubuta abin da aka gaya masa. A waje ya ce mini idon dama ya tafi. Na tambaye shi na hagu, ko da aiki. Ya ce wannan ya mutu tun da daɗewa, babu abin da za a tayar.

Na koma ciki. An naɗe masa kai duka, baki da hanci kawai aka bari.

"Injiniya, kai ne?"

"Ni ne."

"Sun ce mi?"

Na gaya masa.

Ya juyo da kai wajen muryata. Sai ya ce, "Baƙar nan mai farin goshi, kwananta ya kai. Ba ta iya haihuwa ita kaɗai, sai an taimaka mata. Mansura ba za ta tatsa ta yi cuku ta kuma hau dutse ba." Ya lashi leɓe. "Saura talatin."

"Baba, ka yafe mini."

"Ka miƙo mini ruwa."

Na ba shi ruwan.

Na isa gida bayan azahar washegari. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi rigata, ta ga jinin da ya bushe a cinya, ta ajiye tiren. Ban tsaya ba, na wuce ɗakin Baba.

Yana kwance yadda na bar shi. Idanunsa suka biyo ni daga ƙofa har bakin gado. Ya ɗaga hannun hagu a hankali ya rufe idonsa na dama, ya bar shi a nan, yana kallona da ɗayan.

Na gyaɗa kai.

Hannun ya sauka. Na ciro zoben na saka masa a tafi na rufe yatsunsa a kai. Bai riƙe ba. Zoben ya gangara ya faɗi ƙarƙashin gado. Ya so ya juya fuskarsa ga bango, wuyan bai kai shi ba, sai ya tsaya rabin hanya yana kallon rufi.

Na shiga shagon. Na kwashe buhunan gawayi, na kwance injin matsin gunduwa-gunduwa na watsa cikin tarin ƙarafan da ake sayar wa masu awo. Matiris ɗin na ɗora a kan maƙera na cike raminsa da walda har ya toshe. Ma'aunin na ajiye a kan kanta. Na ɗauki naɗin waya, da guduma, da tsohon takalmin Baba mai kauri.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, takardar lekkol a hannunta. Ban san lokacin da ta ɗauko ta ba.

"Ina za ka da waya?"

"Tahifet."

"Kwana nawa?"

Na rataya wayar a kafaɗa.

"Sufyanu, an ce can babu rezo. Jarrabawar fa? Wata biyu ya rage. Shekara biyar, ɗan nan. Ubanka ƙofa nawa ya ƙera kafin ka tafi?"

"Na ga abin da na karanto, Inna."

"Kuskure ne. Kowa yana yi. Allah ya riga ya rubuta."

"Diloli ba su san da wannan ba."

Ta matsa na fito. Na ja ƙofar shagon, ƙarfen ya daki ƙarfe, na sa kwaɗo na ba ta makullin.

"In an zo neman walda ki ce babu mai yi. Gobe zan bi Abdurrazak. Zan yi kiwon awakin Salifu har su ƙare ko shi ya mutu, duk wanda ya riga."